Yarinyar da ta kasa karanta takardar magani

Wata rana ina bakin aiki a asibiti nan Haɗeja, wata budurwa 'yar SS2 ta kawo mahaifiyarta, hawan jini ya tashi. Uwar Barbarci kawai take ji, 'yar ce tafinta. Da na bincika sai na gano ƙwayar da aka rubuta a sha sau ɗaya a rana, sau ɗaya a mako ake sha. Na miƙa mata takardar na ce ta karanta. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Anti, ina iya kwafa, amma ba na ganewa."

Daga Diffa suka zo, bayan hare-haren Boko Haram na 2015. Firamarenta da Faransanci ta yi, a gida Barbarci, a kasuwa Hausa, a aji kuma Turanci. Harsuna huɗu a kan yarinya ɗaya, amma ana mata kallon daƙiƙiya. Burinta aikin jinya, ga shi sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Babanta kuwa ya riga ya ce in ta faɗi, aure.

Na ce ta riƙa zuwa gidana bayan magariba, rabin awa. Ban fara da littafin makaranta ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam na ba ta, don ta ɗanɗana daɗin fahimtar abin da ta karanta. Daga nan muka koma littafin Bayoloji, sakin layi ɗaya kullum: ta karanta da ƙarfi, ta rufe, ta bayyana mini da Hausa. Faransancin da take jin kunyarsa ya yi mata rana, don kalmomin kimiyya da yawa kusan ɗaya suke a harsunan biyu.

Mahaifiyarta ta ce, "'Yata, ni da ban yi boko ba me zan iya?" Na ce, "Iya, ki saurare ta kawai." Kullum sai ta fassara wa uwar darasin da Barbarci. Abin da ta kasa fassarawa, shi take kawo mini.

'Yan uwa mata, cikar littafi da rubutu ba ya nuna yaro ya iya karatu. Yau da dare ki sa naki ya karanta miki shafi ɗaya, ya faɗa miki abin da ya ji. In akwai 'yar baƙi a maƙwabta, ki kira ta su zauna tare.