Asabar Ɗin Babana a Disina

Yau labarin mahaifina zan ba ku, da wani doki da na so in sa a sayar.

Ni ɗan Disina ne, cikin ƙaramar hukumar Shira a jihar Bauchi, ƙasar Katagum. Da na gama sakandare sai Baba ya turo ni Ibadan, ko Badun kamar yadda yake cewa, in riƙe masa rumfarsa a kasuwar Bodija. Shi yana bin kasuwannin ƙauye da ta Azare yana sayen wake yana ɗoro mini a mota, ni kuma ina sayarwa, in dare ya yi in koma Sabo in kwana kamar yawancinku.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya haura, riba ta ja baya. Wata rana na ɗauki biro da takarda na lissafa abin da gidanmu ke kashewa, sai na ga in ka cire abincin mutane babu abin da ke cin kuɗi kamar dokin Baba: ga dusa, ga dawa, ga kanwa, ga magani in ya yi ciwo. Na buga masa waya na ce, "Baba, da an sayar da dokin nan an ƙara a jari." Ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Can sai ya ce, "To, na ji. In ka zo gida ka sayar da shi da hannunka." Duk wanda ya san dattawanmu ya san wannan ba amincewa ba ce.

Cikin sanyin da ya wuce na je gida. Daren Juma'a na sauka, washegari Asabar, ranar da ba ya zuwa kasuwa ko ɗaya. Na ɗauka zan same shi yana hutawa, ashe a ranar ma ya fi aiki.

Muna dawowa daga sallar asuba bai shiga ɗaki ba, turke ya nufa. Dokin, wani bidi ne mai tsawo, yana jin takunsa ya fara haniniya. Da kansa ya share kashin ya zuba a buhu, ya goge masa jiki, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya yana cire tsakuwa, sannan ya dama masa dusa da 'yar kanwa. Ƙannena da yake babu boko ranar, kowa da aikinsa: wannan ya ɗebo ruwa, wancan ya hau rumfa ya sauko da harawa. Babu wanda aka ce wa yi kaza, kowa ya san nasa. Ni kaɗai ne na tsaya riƙe da waya kamar baƙo.

Da ya ɗaura sirdi ya ja majayi sai ya ce, "Kai, zo ka riƙe mini likkafa." Ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana. A nan ne gabana ya faɗi. Baban da na sani tsalle ɗaya yake yi ka gan shi a sama. Ina yaro na gan shi cikin mahayan da suka je hawan Sallah a Azare, zamanin marigayi Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar wanda ya rasu a 2017, ya sha rawani, ina ta nuna wa yara cewa wancan babana ne. Yau kuwa wani tsohon turmi na gani an kife kusa da turke. Ya taka shi, ya yunƙura sau ɗaya gwiwa ta ƙi, sai a na biyu ya hau. Bai dube ni ba, ni ma na sunkuyar da kai. Amma yana daidaita a kan sirdi bayansa ya miƙe, ya ja linzami, ya koma mutumin da na sani.

Kilisarsa ta Asabar hanyar fadama take bi, inda lambunsa yake a bakin kogi. Muka bi shi a ƙasa ɗauke da buhunan kashin doki. Tafiyar da ba ta da nisa sai da ta ɗauke mu lokaci, domin ba ya wuce mutum bai tsaya sun gaisa ba, har ƙofar wani abokinsa marar lafiya ya tsaya ya yi masa sannu.

A lambu ya ɗaure dokin a inuwa, ya tuɓe babbar riga ya ɗauki fartanya. Ga kwamin albasa, ga tattasai, ga tumatir da alayyafo, zogale kuma ya zagaye wurin kamar shinge. Injin ban ruwa ɗan lokaci kaɗan ya bari ya yi aiki saboda tsadar mai, ya kashe. Sannan ya kira ni wajen wani tsibi baƙi ƙirin, kashin doki ne da ya daɗe yana ruɓewa haɗe da toka. Ya ɗebo a hannu ya ce, "Wannan ka sa shi a takardarka?" Na ce, "A'a Baba." Ya ce rabon da ya sayi takin zamani don lambun nan har ya manta. Ciyawar da muka cire daga kwami kuwa ba a zubar ba, a gaban dokin aka zuba ta.

Kafin azahar muka dawo da kwando cike. Inna ta karɓi alayyafo ta shiga madafa, aka kawo mana fura a zaure. Nan ya raba rigimar yara biyu a kan ƙwallo, ya ce kowa ya kawo littafinsa na makaranta. Baba bai yi boko ba, amma yana buɗe shafi yana neman inda malam ya sa jan biro, mai laifi kuma ya san kansa. Bayan la'asar ya ɗora auta a gabansa suka zaga unguwa, suka kai wa Goggo tumatir. Bayan isha'i ya saurari labarai a rediyo, sannan ya ɗauki tocila ya sake leƙa turke.

A nan na same shi. Ya ce, "In kana so gobe a kira dillali." Na ce, "Baba a yi haƙuri, ƙuruciya ce." Ya ce, "Lissafinka ba ƙarya ba ne, yana cin kuɗi. Ni na tura ka Kurmi, ban ce ka yi laifi ba. Amma duk cikinku babu wanda ya iya ɗaura sirdi. Ranar da turmin nan ya kasa hawar da ni, wa zai kai shi kilisa?" Wallahi ban sami amsa ba.

Kwana shida da suka rage mini, kullum da asuba ina turke. Na koyi sa linzami da jan majayi, na hau sau huɗu, na faɗo sau ɗaya, ƙannena suka yi ta dariya. Yanzu duk ƙarshen wata in zan aika kuɗi gida, na dusa daban nake warewa, kuma na roƙi Baba ya fara koya wa mai bi na hawa tun yanzu.

'Yan uwa, mu da ke nan muna aika kuɗi muna ganin mun sauke nauyi, alhali ta waya ba za ka taɓa sanin an kife turmi kusa da turke ba. Wanda nasa ke raye, in ya je gida ya daure ya bi shi yini guda tun daga asuba. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka rigaye mu ya jiƙansu, mu kuma ya mai da mu gida lafiya. Amin.