Mun Dawo, Kuma da Jirgin Ƙasa Muka Dawo

Shekara biyu ke nan rabonmu da ɗora zane a intanet. Mu huɗu ne, tun muna ƙaramar sakandare muke zane tare, kuma a da duk Juma'a sai mun saka sabon aiki a Facebook. Sai jarrabawa ta matso, data ta yi tsada, ga kuma masu ba'a: wannan ya ce hannu ya karkace, wancan ya ce aikin banza ne. Fensir dai bai huta ba, amma zanenmu ya koma zaman akwati. Yanzu mun dawo, kuma jirgin ƙasa muka zaɓa mu zana a wannan zangon karatu.

Me ya sa jirgi? Domin malami ne da ba ya ɓoye wa ɗalibi gaskiya. Layin dogo ƙarafa biyu ne da ba sa haɗuwa, amma a ido sai ka ga suna matsowa har su haɗe a ɗigo ɗaya can nesa. Idan ka sa wannan ɗigo a takarda, ka ja rufin jirgi da tagoginsa da ƙafafunsa duk su nufe shi, nan take takardar za ta yi zurfi. Taragon farko babba, na biyu bai kai shi ba, na ƙarshe kamar kwalin ashana. Ka kuskure ɗaya, ko ƙaninka zai gane, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wani alherin kuma, jirgi ba shi da rai, saboda haka ko a gidan da ba a son zanen mutum ko dabba ba za a hana ka ba.

Ba mu muka fara ba. A 1844 wani mai zane ɗan Ingila, Turner, ya zana jirgi yana keto ruwan sama a kan gadar kogin Thames. Kusan komai ya narke cikin hazo in ban da baƙin kan jirgin, ga kuma ɗan zomo yana gudu a gabansa. Zanen yana Landan har yau.

Amma wanda ya fi ƙarfafa mana gwiwa shi ne Claude Monet na Faransa. A 1874 shi da abokansa suka baje kolin aikinsu a birnin Faris, wani ɗan jarida ya yi musu ba'a, har ya ɗauki sunan wani zanen Monet ya laƙaba musu. Yau da wannan laƙabin duniya ta san salonsu. Monet bai mayar da fenti akwati ba. A 1877 ya nemi izini ya shiga tashar jirgi ta Saint-Lazare, ya zana ta sau 12, ya kuma nuna wasu daga ciki ga jama'a a shekarar. Tasha ɗaya ce, amma hayaƙin wani zanen shuɗi ne, na wani toka-toka, gwargwadon yadda haske ya sauka. Daga gare shi muka ɗauki abu biyu: maimaita abu ɗaya har ido ya buɗe, da fito da aiki ko da masu dariya suna nan.

Mu ma muna da abin zanawa. Tun 1911 jirgi ya iso Kano, shi ya riƙa kwashe dalar gyaɗa zuwa kudu. Faɗin tsohon layin milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435. Mai zanen da ya san wannan ba zai ɗora sabon jirgi a kan tsohon layi ba. Tsatsar tsofaffin taragu ma launi ce: ja-ja, ruwan ƙasa, da ɗan baƙi a gindin ƙusa.

Sai dai a kula. Kada ka tsaya a kan layi don neman hoto mai kyau, jirgi ba ya tsayawa da wuri kamar mota. Nemi izinin ma'aikatan tasha kafin ka zauna. Kuma takarda ake yi wa fenti, jikin tarago dukiyar jama'a ce.

In za ka ɗora aikinka, sa hannu da kwanan wata a ƙasansa, ka ɗauki hoton da hasken safiya, kada ka bayyana gidanku ko lambar wayarka. Wanda ya ce ƙafar jirginka ta karkace, duba ka gani, wataƙila ya ba ka darasi kyauta. Wanda ya zo da zagi kawai, bar shi a tasha.

Ga aikin wannan mako: ɗigo ɗaya, layi biyu, tarago uku. In ka gama, kada ka naɗe. Nuna wa wani, ko da abokin zamanka ne a aji.