Kiɗan da Umma ta ce rediyo ne ya lalace

Ina so in ba ku labarin wani kiɗa da ya kusa ja mini matsala a gida.

A hutun da ya wuce, yayana ya dawo daga makaranta da waƙoƙi cike da wayarsa. Wata rana da daddare ya saka mini iyafis a kunne ya ce, "Saurari wannan." Da farko na ji wata mace tana rera waƙa mai daɗi a hankali. Can sai kiɗan ya fara tuntuɓe kamar zai faɗi, ya tsaya, ya sake tashi. Na ce, "Yaya, wayarka ta lalace." Ya yi dariya ya ce da gangan aka yi shi haka.

Mai kiɗan ana kiransa Flume, ɗan ƙasar Ostareliya ne, an haife shi a 1991. Sunan waƙar Never Be Like You, tana cikin kundinsa mai suna Skin da ya fito a 2016, wanda ya ci kyautar Grammy a 2017. A kwamfuta yake haɗa kiɗansa. Yakan ɗauko bugu mai nauyi irin na hip-hop, ya ɗora murya mai daɗin bi irin ta waƙoƙin pop, sannan ya yayyanka sautin ya jera shi yadda ba ka zata ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, yana yaro ya fara, da wani faifan koyon haɗa kiɗa da ya tsinta kyauta a cikin kwalin abincin karin kumallo.

Na ce ni ma sai na gwada. Yaya ya sauke mini manhajar BandLab a wayarsa. Tunda ba ni da kayan kiɗa, sai na ɗauki sautin abin da ke gidanmu. Na naɗi ƙarar taɓarya lokacin da Umma take daka, ita ce ta zama gangata. Na buga cokali a bakin kwano, na haɗa da carar zakaranmu, na yanke ta gida uku. Kwana huɗu ina wannan aiki a ƙarƙashin bargo bayan kowa ya yi barci, alhali an riga an koma makaranta.

Sakamakon bai yi kyau ba. Na yi gyangyaɗi a aji har sau biyu, kuma a gwajin lissafi na ci 6 cikin 20. Da Abba ya ga takardar bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Daga yau ba kai ba waya." Shirun da ya yi bayan nan ya fi mini bulala zafi.

Washegari Umma ta ce a kunna mata abin da ya hana ni barci. Ta saurara ta ce, "Wannan ai rediyo ne ya lalace." Har na sunkuyar da kai don kunya, sai ta ce, "Tsaya, wannan ba turmina ba ne?" Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce su tun suna 'yan mata suke yin kiɗa da taɓarya, mata biyu ko uku a turmi ɗaya, kowa da nata bugun, kuma lugude ake ce masa. Ban taɓa sanin haka ba, ga shi kullum ina wucewa ta gefen turmin nan.

Ita ta roƙar mini Abba. Yanzu ranar Asabar kawai nake taɓa wayar, awa ɗaya bayan Islamiyya, kuma in lissafina bai gyaru ba zuwa ƙarshen zango, shi ke nan. Na yarda, domin laifina ne. A gwajin makon jiya na ci 13.

Kiɗan nawa har yanzu daƙiƙa 40 ne kacal. Umma ta yi alkawarin ita da maƙwabciyarmu za su yi mini lugude na gaske in naɗa, amma ta ce sai na kawo 15.