Yakutsk, Garin da Nama Ke Shekara a Ƙarƙashin Ƙasa

A wannan mako za mu yi doguwar tafiya, mu leƙa wani gari can ƙasar Rasha, don mu samo amsar tambayar da ke damun matan gida da yawa, watau ko naman da ya shekara biyu ko uku a daskare cikin firiza ana iya cinsa lafiya, ko kuwa zubarwa za a yi. In dai zancen nama da ƙanƙara ne, da wuya a sami waɗanda suka fi mutanen Yakutsk sani.

Shi wannan gari yana gabashin Saiberiya, a bakin wani babban kogi da ake kira Lena, kusan kilomita 5,000 daga Mosko. An kafa shi a 1632, mutanensa kuwa sun wuce 300,000. A watan Janairu sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, har ya wuce. Sanyin hunturun da muke kuka da shi muna jin wuta, a wurinsu wasan yara ne. In ka fita waje, numfashinka zai daskare a gashin idonka. Amma abin mamaki, a watan Yuli zafi yakan haura digiri 30. Duk da haka sama-saman ƙasa kaɗai ke narkewa. In aka yi haƙa 'yan mitoci, sai a tarar da ƙasa a daskare kamar dutse, zurfinta fiye da mita 200, kuma ta yi dubban shekaru a haka. Saboda haka ne suke ɗora manyan gidajensu bisa ginshiƙan siminti, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasa gini ya nutse.

To, bari mu shiga kasuwa. Da rani ko da damina, mai kifi a wurinmu fama yake da ƙuda. A Yakutsk kuwa, lokacin sanyi, a fili ake tsayar da kifi cikin kwanduna, kai ƙasa ko kai sama, sai ka ce itacen girki. Ga naman shanu, ga na doki, duk a sandare, sai da gatari ko zarto ake raba shi. Madara ma a dunƙule ake sayar da ita. Wani abincinsu da suke ji da shi ƙwarai ana kiransa stroganina, watau ɗanyen kifi daskararre da ake ferewa siriri-siriri, a ci da gishiri da masoro.

A ƙauyuka, sai wajen watan Nuwamba suke yanka dabbobin da za su ci shekara, lokacin da sanyi ya kama sosai. Gidaje da yawa suna da rumbu na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka haƙa cikin daskararriyar ƙasar nan. Nan uwargida take zuba nama da kifi, ta riƙa ɗiba har shekara ta zagayo, ba lantarki, ba janareta.

Ƙasar tasu tana riƙe da naman da ya fi wannan daɗewa nesa ba kusa ba. A 1900 wani maharbi ya ci karo da gawar wata irin giwa mai gashi ta zamanin da, wadda ake kira mamot, a bakin kogin Berezovka. A 1901 masana suka zo daga birnin Santa Fitasbag suka tono ta. Ta yi fiye da shekara 30,000 a binne, amma ga nama a jikinta, har karnuka suka ci. Sai dai da ta soma narkewa, wari ya cika wurin. A Alaska ta Amurka ma an tono wata bauna ta irin wancan zamani a 1979, a 1984 kuma wani masani mai suna Dale Guthrie ya yanki kaɗan daga wuyanta aka yi farfesu, shi da baƙinsa suka ci, ba wanda ya kwanta ciwo.

Mene ne asirin? Abin da ke ruɓar da nama wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. In sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, wanda shi ne sanyin firiza mai lafiya, ba su iya hayayyafa. Don haka Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ce naman da ya zauna a wannan sanyi ba yankewa, ba ya zama haɗari komai daɗewarsa. Abin da ke raguwa shi ne daɗi. Iska takan busar da shi ya yi fari-fari ko toka-toka, kitsensa kuma ya canja ɗanɗano. In ana son a ci shi da daɗinsa, tsokar nama kada ta wuce wata 4 zuwa 12, niƙaƙƙen nama wata 3 zuwa 4, kaza guda kuwa shekara 1.

Amma fa ku lura, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su. A 2016 an yi zafi mai tsanani a Yamal, can arewacin Saiberiya. Ciwon saifa ya ɓarke, ya kashe fiye da 2,000 na barewar da suke kiwo, wani yaro ɗan shekara 12 kuma ya rasu. Masana da yawa suna ganin daga ƙasar da ta narke ne cutar ta farka, inda mushen dabbobi suka daɗe a binne. Naman da ya shiga firiza da cuta, da cutarsa zai fito.

Nan ne bambancinmu da matar Yakutsk. Rumbunta ba a ɗauke masa wuta. Namu firizan kuwa, in wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, nama ya narke, sa'an nan ta dawo ya sake daskarewa, sai uwargida ta buɗe ta gan shi tauri kamar ba abin da ya faru. Firiza cike, in ba a buɗe shi ba, yana riƙe sanyi kimanin awa 48. In rabi ne, awa 24. Naman da aka tarar da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayarwa. Wanda ya narke sarai ya yi ɗumi fiye da awa 2, a haƙura da shi, ko da bai yi wari ba, don ba kowace cuta hanci ke ji ba. In kun ga jini ya gangaro ya daskare a ƙasan leda, alama ce ya taɓa narkewa.

Saboda haka, ku raba nama ƙunshi-ƙunshi daidai girki ɗaya, ku matse iska daga leda, ku ɗaure tam. 'Yan makaranta, aikinku shi ne rubuta kwanan wata a jikin kowane ƙunshi. In za a yi girki, a narkar da shi cikin firji, kada a shanya a rana, kuma a dafa shi ya nuna har ciki. Wadda ta san wutar unguwarsu ba ta da tabbas, naman layya gara ta soya shi ko ta yi kilishi yadda iyayenmu suka saba. Rigakafi ya fi magani.

Sai wani mako, ku huta lafiya.