Ciwon Da Ba Ya Jini

'Yan uwana mata, akwai ciwon da ba ya kumburi, ba ya jini, amma ya hana ki barci, ya sa faɗuwar murfin tukunya ta tsinka miki zuciya. In kin faɗa a ce aljanu ne, in kin nace a ce, "To sai Dawanau kenan." Ni ya same ni ne bayan 'yan bindiga sun tare motarmu a hanya, kuma abin da ya taimake ni, bayan addu'a, shi ne zaman da'ira da mata masu irin damuwata. Shi nake so in bayyana wa wadda aka ce ta je take ɗari-ɗari.

Ba hirar gidan biki ba ce. Kafin a sa ki, sai malamar da ke jagoranci ta zauna da ke ku biyu, ta tambayi barcinki da cin abincinki, da ko kin taɓa jin gara ki mutu. Wadda nata ya yi tsanani likita ake fara haɗa ta da shi. Mu takwas ne, sau ɗaya a sati, awa biyu, har sati 12. Akwai ma gajere, na Hukumar Lafiya ta Duniya, zama 5 kacal, wanda aka gwada a kan matan yankin Swat na Pakistan da rikici ya ɗaiɗaita, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna damuwarsu ta ragu.

Ranar farko amana aka ƙulla: abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai kwana, ko maigida ba a kai wa labarin wata. Ba a kuma tilasta wa kowa magana. Abin da ya ba ni mamaki, ba a bari ki zayyana abin da ya faru tiryan-tiryan tun da fari, don kada ki fama wa ta kusa da ke nata mikin. Wata likita 'yar Amurka, Judith Herman, ta rubuta tun 1992 cewa natsuwa ake fara samarwa, sannan tunawa da kuka, sannan komawa cikin mutane. Don haka numfashi aka fara koya mana, a ja ta hanci a hankali har ciki ya taso, a sake. Wallahi dariya ta so kama ni, wai ni da 'ya'yana huɗu ake koya wa numfashi! Amma da tsakar dare, in na farka ina gumi, shi nake yi.

Ki sa rai jikinki zai iya ƙara tashi a tsakiyar tafiya, mafarkan su dawo. Namu ya zo ne da aka shiga maganar "da na sani". Kowace da nata: da ban shiga motar ba, da na riƙe hannun yaron. Malama ba ta cewa yi haƙuri, sai ta tambaye ki, "A ranar, kin san abin da zai faru?" Ke da bakinki za ki ce a'a. Jin wata tana ɗora wa kanta laifin da kowa ya ga ba nata ba ne, shi ya fara kwance mini nawa.

Ana ba da aikin gida kuma. Nawa shi ne in je tasha in tsaya minti goma, sati na gaba in zauna a mota tana tsaye. Har yau in yara sun fasa nokawut sai gabana ya faɗi, amma da Sallar bana mota na shiga na je gaida Inna.