Daɓen Gindin Katanga

Mu mutanen Lolo ba baƙin ruwa ba ne. Garinmu yana cikin ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, kusa da inda kogin Kwara yake shigowa Najeriya. Daga ruwan nan muke samun kifi da shinkafa. Daga gare shi kuma muke shan wahala, kamar yadda aka gani a shekarar 2020, sa'ad da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Amma akwai wani ruwa wanda yake rushe ɗakuna ba tare da an ba da labarinsa a rediyo ba, watau ruwan da yake zubowa daga kan rufinmu.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ɗauki rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5. In aka yi ruwan sama na milimita 40, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, ruwan da zai sauko daga rufin nan ya kai lita 2,000, watau duro goma. Dukansa a gindin katanga yake zuba. Katangar ƙasa kuwa daga ƙafa take mutuwa. Ruwa ya yi ta cin gindinta a hankali, sama tana nan sumul, sai wata rana da dare ta kwanta a kan masu barci.

Iyayenmu mata sun san maganin wannan tun kafin siminti. Ina yaro na ga yadda ake gayyar daɓe. Akan shimfiɗa tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har wurin ya yi tauri. Daga baya a zuba makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin daɓen ya jimre wa ruwa. Mai gayya ta dafa abinci, wata rana ita ma ta tafi ta taya wata.

Namu ɗakin na ƙasa ne da rufin kwano. Uwargidana ce ta fara lura da ramin da ruwa ya haƙa a bayansa, gama ita ce take shara a wurin kowace safiya. Da muka gama girbin shinkafa sai muka shirya yin daɓen siminti. Na kira magini, ya auna: tsawo ƙafa 30, faɗi ƙafa 3, kauri inci 3. Ya ce buhu huɗu zai isa. Ya kafa turaku, ya ja igiya, ya sa daɓen ya gangara kamar inci ɗaya daga jikin katanga zuwa bakinsa, domin kada ruwa ya kwanta.

A nan ne babbar magana ta taso. Daɓe ba ya shanye ruwa, tura shi yake yi gaba. Gangaren wurinmu kuwa ya nufi gidan maƙwabcinmu, wani dattijo wanda ƙarfinsa ya ƙare, ɗakinsa kuma yana ƙasa da namu. In muka bi hanya mai sauƙi, duro goman nan a gindin katangarsa za su sauka. Magini ya ce in za a karkatar da ruwan sai an haƙa kwata, a ƙara buhu biyu. Kuɗin buhu biyu ba wasa ba ne ga mai 'ya'ya a makaranta.

Da maraice na tafi wurin dattijon. Bayan gaisuwa na ce, “Baba, za mu yi daɓe a bayan ɗaki, ina so ka zo ka duba inda ruwa zai bi.” Ya taso da sandarsa, ya zaga wurin, ya nuna mini wani kwari a gefen shinge. Ya ce, “Ɗana, nan ne tsohuwar hanyar ruwa tun ba a yi ginin nan ba. Mayar da shi hanyarsa, ba zai dame ka ba, ba zai dame ni ba.” Hanyar da ya nuna ta fi wadda muka zana gajarta. Buhu ɗaya kaɗai muka ƙara. Ran aiki kuma jikokinsa ne suka ɗebo mana ruwa.

Ga mai niyyar irin wannan aiki, ga abin da na gani da idona. A kankare ƙasa mai laushi, a zuba tsakuwa, a buge ta sosai, gama daɓen da ba shi da gado mai ƙarfi zai tsage. Awon kwaɓi shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu mai kilo 50 kwano biyu ne na magina. A zaɓi yashi mai tsabta wanda ba laka a ciki, kada kuma a cika ruwa. A yanka tsagi bayan kowace ƙafa biyar ko shida. In an gama a rufe da buhuna ko tattakar shinkafa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, musamman lokacin hunturu da iska take busar da kome. Sai ya yi kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Wanda ba shi da halin siminti ya yi daɓen gargajiya, ya riƙa gyara shi kafin kowace damina.

Daɓe ba zai tare Kwara ba in ta yi fushi. Amma zai tsare katanga daga ruwan kowace shekara, yara su sami wurin zama, uwargida ta sami wurin shanya. Ya ɗan'uwa, kafin ka sayi siminti, tsaya a bayan ɗakinka ka dubi inda ƙasa ta gangara, ka ga ƙofar wa take kallo. Sa'an nan ka tafi ka yi masa sallama.