Baƙon Daji Iri Biyu Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba jama'a labarin zuwana Yankari, da wata magana da ta tsaya mini a rai tun da na komo.

Mun tashi daga Bauchi da sassafe, muka bi hanyar Gombe, muka ratse a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Dajin nan an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 2,000. Da yake rani ne, namun daji duk sun gangaro bakin kogin Gaji. Na ga ɓauna, da gwanki, da gadu, da bika ba iyaka. Rana ta biyu Allah ya nufa muka yi kaciɓis da giwaye. Jagoranmu ya ce a kashe mota, kowa ya kama bakinsa, muka bar musu hanya har suka shige kurmi. Ruwan Wikki kuwa daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau har ana ganin yashi, ga ɗumi wanda ba ya sakewa rani da damina.

To, a bakin ruwan nan na tarad da waɗansu samari sun ƙure kiɗa, suna jefa wa bika burodi. Da suka tashi suka bar leda da gwangwani birjik. Su ma in ka tambaye su, yawon buɗe ido suka zo. Nan na gane baƙon daji iri biyu ne.

Iri na biyun masana suna da suna dominsa, mu ce da Hausa ziyarar kiyaye halitta. Wata ƙungiya da aka kafa a Amurka a 1990 ta bayyana ta da cewa tafiya ce ta hankali zuwa wurin da yake bisa halittarsa, wadda za ta tsare wurin, ta kuma kyautata zaman mutanen da ke kewaye da shi. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2002 domin ta. Sharaɗi na fari ba wuya: kada ka kashe, kada ka ɗauka, kada ka bar ƙazanta, kada ka koya wa dabba roƙo. Na biyun shi ne mai nauyi, shi kuma aka fi mantawa.

Abin da ya sa na faɗi haka, a kan hanyar komowa mun tsaya wani ƙauye na gefen dajin don salla. Wani dattijo ya ba mu buta, muka taɓa hira. Ina ta yabon giwaye, sai ya ce, "Malam, ku kuna zuwa ku kalle su ku tafi, mu muke kwana da su. Bara a dare guda suka share mini dawar da na yi damina ina nomawa." Wallahi na rasa ta cewa. Mutumin da giwa ta ci masa abincin shekara, bai kuwa taɓa ganin kwabon baƙo ba, in maharbi ya zo neman haure, ina dalilinsa na tona shi? Amma da ɗansa ne mai gadin dajin ko jagora, da matarsa ke sayar wa baƙi tabarma da zuma, ai da kansa zai yi tsaron giwar, gama ta zama saniyar tatsarsa.

Ni dai kafin mu tashi na sayi kwalba biyu ta zuma a hannun jikansa, na san kuwa ba su kai damin dawa guda ba. Ina roƙon masu karatu da ke zaune a gefen irin waɗannan dazuzzuka su rubuto wa Edita, su gaya mana abin da zuwan baƙi ya taɓa kawo wa garinsu.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Matafiyi, Bauchi.